Ku Matsa Masa

A gidanmu na unguwar Wulari, tiren Baba na masu fita nema ne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, wanda ke da shago ko ofis zai wanke hannu ya zauna a zaure, a ci burabisko da miyar kuka. Sauran kuwa a zuba wa kowa a kwano a cikin gida. Ba wanda ya taɓa faɗin wannan doka da baki, amma kowa ya san ta.

Ƙanena ya gama jami'a, aiki ya ƙi samuwa, sai ya zama ɗan kwano. Muka laƙaba masa Gwamna, saboda sai rana ta take yake tashi. Da farko yana ramawa, don bakinsa ba ya mutuwa. Daga baya ya daina, ya koma fita ba ya cewa ga inda za shi. A garin nan shirun saurayi ba abin wasa ba ne, mun ga inda ya kai 'ya'yan wasu. Ina jin tsoro ƙwarai, amma tsokana ta fi mini sauƙin fita a baki.

Ana haka wata ƙawata da ke unguwar Mairi ta tashi shirya fim da wayar hannu, labarin saurayin da ya shiga ƙungiyar da ta tsani duk wanda ba nata ba. Ni aka ɗora wa kayan sawa, na yi ta zagaye Kasuwar Kwastam kamar mai haɗa lefe. Da aka rasa jarumi na ce ga Gwamna nan, gemun ma lalaci ya riga ya tara masa.

Ranar ɗauka gardama ta kaure a kan abin da zai ja jarumin ya shiga. Ƙawata ta ce kuɗi ne, a miƙa masa ambulan. Mai riƙe wayar, wani ɗan kudancin Borno da ke ɗaukar bukukuwan cocinsu, ya ce a'a, zafin wa'azi ne. Aka yi ta ja-in-ja har wanda zai fito a shugaban ƙungiyar, wani ɗalibi mai tumbi da ko ɗaure fuska bai iya ba, ya fara taɓa abincinmu na rana.

Ƙanena ya dube shi ya ce, "Ku bar ambulan ɗin nan. Ku kawo tiren."

Shi ya tsara komai. 'Yan ƙungiya na cin abinci, jarumi ya yi sallama ya rakuɓe a bakin ƙofa. Shugaba ya ɗago ya ce, "Ku matsa masa." Aka matsa. Ya tura masa nama gabansa, ya ce, "Malam, muna wata shawara ne, kai me ka gani?"

Ina ta dariyar mai tumbi, sai idona ya kai kan ƙanena. Ya kai loma bakinsa, idonsa ya ciko. Ƙawata ta yi ta tafi, wai ashe ɗan wasa muke ɓoyewa a gida.

A cikin keke muna komawa na ce, "Gwamna, yau ka burge."

Ya ce, "Yaya, ba wasa na yi ba. Da da gaske ne, wallahi da na zauna."

Washegari na sami Baba na kwashe duka na faɗa masa. Carbinsa kawai ya ci gaba da ja, har na fita ina jin haushinsa.

Ranar Juma'a na kai tire zaure, maza suka kewaye shi. Baba ya ƙi sa hannu. Ya aika a kira ƙanena, da sunansa na yanka. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, yana jiran a aike shi sayen ƙanƙara.

Baba ya dubi manyan yayyenmu ya ce, "Ku matsa masa."