Kaucin Garba na Kan Tsamiya

Bana shekara goma sha biyar da ruwa ya ci Garba. Na so in bar ta ta wuce shiru kamar sauran, sai wani abu ya faru a watan jiya da ya hana ni sakat. Shi ya sa na ce bari in zo in dame ku da labarin taubashina.

Garba ɗan gwaggona ne. A gungu ɗaya aka haife mu, wato tsibiri a tsakiyar Kwara, can ƙasa da Yelwa, inda iyayenmu ke noman albasa suna ban ruwa da ƙwarya. Kada wani ya ce zai je ya gani, yau sai dai ya tambayi kifi. Ni makaranta ba ta karɓe ni ba, na bi manyan motoci har na zama direba. Na kai busasshen kifi Anacha, na sha zafin Ikko, na sha shayin Agadas. Shi kuwa ya yi ta karatu har ya dawo mana da ilimin tsirrai. Da aka samu mulkin kai, duk sa'o'insa masu takarda kujera suka nema da fanka. Garba tsani ya nema.

Akwai wani tsiro da ke zama a jikin manyan itatuwan bakin ruwa. Ƙarshen rani yakan yi fure rawaya mai ɗigo-ɗigo kamar jikin damisa. Turawa na ce masa okid. Mu kuwa duk abin da ya tsiro a kan itace ba a ƙasa ba, kauci ne, magana ta ƙare. Kuma kowa ya san halin kauci, in ya kama reshe sai ya shanye shi. Garba ya yi bayani har muryarsa ta dushe cewa wannan ba haka yake ba. Ya ce baƙo ne da ya zo da guzurinsa, wurin zama kawai yake ara. Saiwoyinsa ma sama suke kallo kamar kwando, suna tarar ganye da raɓa. Mu dai mu ce to, mu kalli juna.

Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Daga Shanga har Ngaski ya bi itatuwan gaɓa da na gungu, yana buga wa kowanne guntun kwano mai lamba, yana komawa duk shekara ya ga wanne ya tsufa, wanne ne yaro, wanne ya yi fure, wanne ya yi 'ya'ya. In na dawo daga tafiya na tarar da shi a saman reshe, sai in ɗaga kai.

"Bawana! An tura ka birni ka zama likita, ka komo muna biri?"

"Rage murya, direban banza. Kana kore min ƙwaro."

Sai ga maganar dam ta Kainji. Aka zo aka ƙirga ɗakuna, aka ƙirga rumbuna, aka ce kowa ya shirya hawa tudu. Garba ya sa rigarsa mai kyau ya yi ta zagayen ofisoshi. Abin da yake roƙo bai taka kara ya karya ba: ɗan yanki a sabuwar gaɓa, a kewaye shi da waya, a sa mai gadi. Ko'ina ya je sai a yaba Turancinsa, a ba shi ruwan sanyi, a ce ya dawo bayan bikin buɗe dam ɗin. Ruwa kuwa bai san da wani biki ba, tasowa kawai yake.

Da ya ga haka sai ya ari kwale-kwale, ya ari motata ba tare da ya tambayi mai ita ba. Muka yi ta ɓamɓaro tsiron nan haɗe da ɓawon itacensa, muna naɗewa a jiƙaƙƙen buhu, muna kaiwa gonar da aka ba mahaifinsa a tudu. Gonar na da tsofaffin ɗorawa da kaɗanya, ya bi su ya ɗaɗɗaure da igiyar rama. Da ya rage guda, sai ya nufi wata tsamiya a gefen gonar, wadda ko tsinke ba a ɗauka a gindinta don an ce mazaunin iskoki ce. Na ce masa, "Wannan kam kai kaɗai, ni ina da iyali." Ya ce, "Riƙe tsani dai. In sun tambaya ka ce haya muka zo nema."

Suka kama, wallahi suka kama. Sai aka kira shi ƙasar waje ƙarin karatu, ya tara mutanen gida ya ce don Allah kar a taɓa. Yana can mahaifinsa ya rasu. Yana can kuma ɗorawa ɗaya ta bushe.

Ni na ɗauko shi daga Ikko da ya dawo. Tun daga can har muka ƙetare Kwantagora zancensa ɗaya ne, ko sun yi 'ya'ya. Muna isa, ko jaka bai ajiye ba, Gwaggo ta kama hannunsa ta ja shi gona, fuskarta cike da fara'a. Itatuwa tas, an kankare su kamar an yi musu aski.

"Ɗan nan, dubi aiki," in ji ta. "Na san ka ce kar a taɓa, amma ba ka nan sa'ad da kaucin ga naka ya kashe ɗorawar ubanka. Na ce wallahi ba shi cin ta biyu ina raye. Gayya na kira, samarin gari duka sun hito, na masallaci da na coci, na yi musu tuwo da kihi. Mun tara shi mun ƙone ƙurmus don kar shi komo."

Garba ya tsaya yana kallon inda tokar take. Can ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah shi saka da alheri." Ya koma gida ya ci abincin tarbarsa, har ya nemi ƙari don ta ji daɗi. Washegari ya kai ni gindin busasshiyar ɗorawar, ya tura ƙafa, ƙasa ta rufta. Gara ce ta cinye ta. Har Gwaggo ta koma ga Allah bai gaya mata ba, kuma ya hana ni.

Ni ban taɓa ganin laifin Gwaggo ba. Matar da aka raba da ɗakinta, da fadamar albasarta, da kabarin iyayenta, aka sa ta a gidan siminti mai zafi kamar tanda, abin da ya rage mata na mijinta itatuwan nan ne. Ta kare su da abin da ta sani. Haushina na kan masu ruwan sanyi. Waya nawa ce? Da suka iya tare Kwara guda, shingen gona ne ya gagare su?

Na kan tsamiya kaɗai ya tsira, don duk zafin gayya ba saurayin da ya yarda ya hau. Duk ƙarshen rani sai ya yi fure, ya zube, ba ko ƙwaya. Garba ya ce shi kaɗai ba ya iri, sai ƙwaro ya ɗauko garin fure daga wani ɗan'uwansa ya kawo. Daga nan ya shiga bin gaɓar tafkin dam yana neman na biyu. Nakan ce, "Kai ba ka yi aure ba, kana nema wa ciyawa mata." Ya ce, "Ta fi ka asali." A wannan neman ne, wajen Ngaski, kwale-kwalensu ya daki kututturen itacen da ruwa ya rufe, ya kife da su. Mutane na son su ce ɗaya daga cikin itatuwan da ya buga wa kwano ne. Ni ban sani ba, ban nutsa na duba ba.

Rubuce-rubucensa kuwa an ce suna nan a manyan ɗakunan karatu na ƙasashen da ko ni ban taka ba. Shekarun baya wata ɗaliba ta zo daga kudu, aka haɗa ta da ni. Ta ce malamansu na sa su karanta aikin Garba, tana so a kai ta gungun da ya ce tsiron ya fi yawa. Na sa ta a jirgi, muka yi nisa, na ce mai jirgi ya kashe inji. Na nuna mata ruwa na ce, "Ga shi nan ƙarƙashinki, 'yata." Ta leƙa ruwan, sannan muka juyo. A can ana karanta shi kamar wurin na nan. A nan kuwa ko ajin firamare ba a sa wa sunansa ba.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai gani? An ba mu sabuwar jiha, baburan kabu-kabu sun cika Yelwa, kifin da muke bai wa kyanwa da can shi ake rububi a kasuwa. Wutar da aka ce don ita aka tashe mu, tana wucewa ta saman kanmu zuwa wasu garuruwa. Itatuwan gaɓa kuma sun tafi bandar kifi da gawayi. Ina jin ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai tambaya ne a ina zai jingina tsaninsa.

To, abin da ya faru a watan jiya. Na je gonar kamar yadda nake yi duk shekara, tun daga nesa na ga sarari inda ba a saba gani ba. Tsamiya na ƙasa, wasu samari na yanka ta da inji. Na ce, "Kai, ba ku tsoron masu wurin?" Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Baba, ai sun daɗe da tashi, su ma an canza musu matsuguni." Na shiga cikin rassa ina tonawa har na same shi, rabi ya murƙushe. Na cire rawanina na jiƙa na naɗe shi, na hau kabu-kabu da shi a cinya kamar jariri.

Na ɗaure shi a mangwaron tsakar gidana da igiyar rama, gefen da rana ba ta duka, yadda na ga yana yi. Ina saukowa matata Asabe ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, kauci za ka ɗaura muna a mangwaro?" Na ce ta ajiye tsintsiya ta zauna. Na ba ta labarin nan tun daga gungu, na bi maƙwabta na ba su, yau ga shi na ba ku. Shirun da Garba ya yi don uwarsa ne, ni ba ni da wanda zan yi wa.

Abin da ya rage na mutumin nan ke nan: takardun da ke kwatancen wurin da babu, da tsiro guda gwauro a gidan tsohon direba. Jiya na ga bakin saiwa ɗaya ya yi kore. In ya rayu zai yi fure, ƙwaro ya zo ya koma, furen ya zube. Don haka masunta da manoma da makiyaya, daga Shanga har Ngaski, wanda duk ya ga irinsa a kan itace, don girman Allah kar ya kankare. Ya aiko a gaya min a tashar manyan motoci ta Yelwa, kowa ya san ni. Har yanzu muna neman auren nan.

Allah ya jiƙan bawana, ya sa ya huta. Ya tafi ya bar ubangidansa da hawan tsani, ga gwiwa ta fara ciwo, kuma ba mai riƙe min.