Maryama Dodo ta Akokan da Rigar da Ta Rage a Akwati

Haihuwa da asali

An haifi Maryama Dodo a ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1953, a wani ƙauye da ke gabas da Dogon Dutsi. Mahaifinta Dodo magini ne, mahaifiyarta Balki kuwa mai saƙar tabarma, kuma gidansu shi ne na uku da ya shiga ɗariƙar Katolika a ƙauyen. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya shida, kuma tun tana ƙarama aka shaide ta da rashin iya haɗiye magana.

Karatu

A shekarar 1960 aka sa ta makarantar mishan, inda ta haɗa boko da karatun katekisim, wato darasin addini na shekara uku wanda sai yaro ya kammala shi ake ba shi damar karɓar Jibin Ubangiji karo na farko. Sai dai sana'ar mahaifinta ba ta san zama wuri ɗaya ba. Daga Dogon Dutsi aka kwashe su zuwa Ƙonni, daga Ƙonni zuwa Tawa, daga Tawa zuwa Maraɗi, kuma duk majami'ar da suka sauka sai a nemi takardar shaidar inda ta tsaya, a rasa, a mayar da ita ajin farko. Sau huɗu tana fara karatun nan daga tushe.

Ba ta karɓi Jibin ba sai a shekarar 1970, tana budurwa mai shekara goma sha bakwai, tsaye a layi ɗaya da yara 'yan shekara takwas, cikin farar rigar aro wadda da ƙyar ta rufe mata gwiwa. An yi mata dariya a cikin majami'a, har da manya masu furfura. Ta rayu shekara hamsin da huɗu bayan wannan rana, ba ta taɓa ba da labarin ba face cikin takaici.

Aure da ƙaura zuwa arewa

A shekarar 1974 ta auri Halidu, direban babbar mota, bayan ta koyi ɗinki a wurin matan zumunta na Maraɗi. A 1978 ya sami aiki a mahaƙar uraniyom ta Akokan, suka tare a unguwar leburori. Garin a lokacin an tsara shi ne kamar yadda aka tsara albashi: manyan ma'aikata da unguwarsu da kantinsu, leburori da tasu, sauran jama'a kuwa a bukkokin bayan gari. Maryama ta ɗauka aƙalla majami'a ta tsira daga wannan rabo, har sai da ta ga bikin karɓar Jibi na 1980, inda 'ya'yan manya suka shigo da leshi da safar hannu daga Lome, 'ya'yan leburori kuma suka raɓe a baya da kayan makaranta.

Allah ya ba su 'ya'ya biyar, ɗaya ya rasu yana jariri. Halidu ya rasu a shekarar 2003 bayan doguwar jinyar ƙirji, ita kuma ta bar gidan kamfani ta gina ɗaki biyu na laka a bakin gari, maƙwabtaka da wata Buzuwa Musulma mai suna Lalla, wadda ta zama aminiyarta har ƙarshen rayuwa.

Hidimar majami'a

A shekarar 1981 ta sayi bandir biyu na farin yadi, ta ɗinka riguna ashirin iri ɗaya, dogaye, ba ado ko ɗaya, kowace da naɗin ƙasa mai faɗi domin a iya sauke shi ko a ɗage gwargwadon tsawon yaro. Ta zuba su a akwatin ƙarfe ta kai majami'a, ta kafe a kan cewa ɗan darakta da ɗan mai gadi riga ɗaya za su sa. An yi rigima, wasu matan manya suka daina gaishe ta, amma daga ƙarshe abin ya zama al'ada. Shekara arba'in tana koyar da katekisim kowace Asabar, tana wanke rigunan, tana manna wa kowace sunan mai ita da allura. Yara suna tsoron bakinta, iyaye ma haka, sai dai ba a taɓa jin yaron da ya kai shekara ta uku a hannunta ya wuce bai karɓa ba.

Abin da ya faru a shekarar 2021

An daɗe da sanar da cewa mahaƙar Akokan za ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, kuma kowa ya san iyalai za su watse. A ajin Maryama akwai yara goma sha ɗaya a shekararsu ta uku, bikin kuwa bisa al'ada sai watan Yuni. A taron majalisar majami'a na watan Fabrairu ta nemi a dawo da shi ranar Ista, 4 ga Afrilu, tunda yaran sun shirya.

Shugaban majalisar, Albert Hamadi, tsohon babban ma'aikaci ne, mutumin da yake jin ko ruwan baftisma sai da izininsa yake jiƙa goshi. Ya ƙi. Hujjarsa kuwa, kuma wannan yana nan a bakin duk wanda ya halarci taron, ita ce zanen anko da aka aika a bugo a Kwatano bai iso ba, kuma wannan ne bikin ƙarshe kafin a rabu, bai kamata iyaye su shiga hoto kowa da kalar kayansa ba.

Maryama ta miƙe ta ce, "Shugaba, yaran ne za su karɓi Jibi ko zanen? In zanen ne, a kawo shi ajina ran Asabar in ji abin da ya haddace."

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, wata biyu ne kawai. Yuni kamar gobe ne."

Ta ce, "Ni an taɓa ce mini wata biyu, na yi shekara bakwai."

Limamin majami'ar, wanda a can ake kira Monper, matashi ne sabon zuwa, bai so ya fara aiki da faɗa da majalisa ba, sai ya sunkuyar da kai. Aka ɗaga hannu, mutum tara suka bi zane, biyu suka bi yara. Abin kunya ne, kuma babu wata kalma mai laushi da ta dace da shi.

Zanen ya iso a tsakiyar Mayu, shuɗi mai hoton ƙoƙo da zangarniyar alkama. Ranar 6 ga Yuni aka yi biki, aka yanka raguna biyu, aka yi hoto. Yara huɗu ne suka tsaya a gaban bagade. Bakwai sun riga sun bi iyayensu a bayan manyan motoci tare da katifu da tukwane, ba wanda ya tuna ya ba su ko takardar shaida. Maryama ta sa wa huɗun rigunansu, ta zauna har aka gama addu'a, ta fita ba ta taɓa naman ba.

Tafiye-tafiyenta

A watan Yuli ta tsare Monper a ofishinsa har ya rubuta wa yaran takardar shaida bakwai ya buga hatimi. An ce ya nemi gafararta, ta amsa masa da cewa ba ita ya yi wa laifi ba. Ta naɗe riguna bakwai a jaka, ta bar wa Lalla makullin ɗaki. Lalla ta ce mata da Hausarta ta Buzaye, "Kai tsohuwa ne, Maryama, hanyan Tawa zai karya ka. Ka aika takarda mana." Maryama ta ce takarda ba ta da baki, kuma ta san limamai: in ba a tsaya musu a kai ba, za su sa ta a aljihun tebur.

Tana da shekara sittin da takwas ta hau motar haya a kan hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Tsakanin Oktoba 2021 da Yuni 2022 ta sami yara biyu a Tawa, ɗaya a Maraɗi, biyu a Damagaram, ɗaya a Dogon Dutsi. Uku daga ciki an riga an mayar da su ajin farko, sauran ukun kuwa iyayensu na fama da neman abinci, sun bar zancen gaba ɗaya. Kowane ɗaya sai da ta tsaya a bayansa ya karɓa, sannan ta karɓi rigarta ta wanke ta yi gaba.

Ta bakwai ita ce Bara'atu 'yar Bilyaminu, yarinya 'yar shekara tara, marainiyar uwa, wadda ta fi kowa hadda a ajin. Mahaifinta makaniki ne, aka ce ya nufi wuraren haƙar zinariya na arewa da ita. Maryama ta bi tashoshin Arlit, garin da ke dab da Akokan, tana tambayar direbobi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya gan su a Cibarakatan, wani ya ce sun tsallaka iyaka zuwa Tamanrasat, lambar wayarsa kuwa ta daina shiga. Ba ta sake jin ɗuriyarsu ba.

Shekarun ƙarshe

Ba ta ƙara zama a taron majalisa ba, ko da yake ba ta fasa zuwa Mas, wato babbar addu'ar majami'a, ba ko Lahadi ɗaya. Akwatin riguna ta miƙa wa wata matashiyar katekis, mai koyar da katekisim, amma ta riƙe guda ɗaya a ɗakinta, da sunan Bara'atu manne a wuya. Kowace shekara idan Ista ta zo sai ta fito da ita, ta farke naɗin ƙasa, ta sauke shi yatsa uku, ta sake ɗinkewa, tana cewa yarinya tana girma, ba za ta tsaya a gaban jama'a gwiwa a waje ba. Albert Hamadi ya aiko mata da turmi ɗaya na zanen ankon a matsayin sulhu, ta mayar masa a cikin ledarsa.

Rasuwa da jana'iza

Ta rasu a ranar Talata, 12 ga Nuwamba 2024, a gidanta na Akokan, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan gajeriyar rashin lafiya. Aka binne ta washegari a maƙabartar Kiristoci ta Arlit, kusa da mijinta, Musulmin unguwa sun fi Kiristoci yawa a wurin. 'Yan majalisa shida suka zo sanye da shuɗin zanen nan, da nufin girmamawa a ganinsu. Babbar 'yarta ta tare su a ƙofa ta karanta musu wasiyyar mamaciya, cewa duk mai wannan zane a jikinsa kada ya taɓa makararta. Suka koma baya suka tsaya a rana, tsofaffin ɗalibanta suka ɗauke ta.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Tereza, ungozoma a Agadas, Alhusaini Bulus, direba a Arlit, Anyes, tela a Maraɗi, da Tijjani Mishel, malamin makaranta a Tawa, da jikoki goma sha uku. A ƙarshen wasiyyar ta sa an rubuta suna na biyar, Bara'atu 'yar Bilyaminu, wadda ta bar wa takardar shaida mai hatimi da farar riga ɗaya, duka a hannun Lalla, ko da wani direba zai zo da labari. Lalla ta duba rigar bayan kwana bakwai, ta tarar naɗin ya ƙare, babu sauran yadin da za a sauke.