Na Je Gaya, Na Tarar Rakiya Tana Tsoron Ruwa

Ana kiran assalatu muka bar Dosso, ni da wata abokiyar sana'ata, za mu Gaya sarin atamfa. Mota ta cika har da buhunan albasa a ƙafafunmu, amma direba ya rantse akwai sauran wurin mutum ɗaya. Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can da jerin manyan motocin kaya. Muna yin kudu ƙasa na ƙara kore, giginya ta fara bayyana. A wani shingen jandarmomi na sayi rake, ya yi arahar da sai da na ɗanɗana kafin in yarda.

Gidan yayata muka sauka, aka tarbe mu da shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Ɗiyarta Rakiya, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda na sani da surutu, ta gaishe ni a taƙaice ta koma gefe. Da aka juye bokitin ruwa cikin baho, sai na ga ta toshe kunnuwa.

Na tambayi Yaya. Ta ce da damina kwale-kwale ya kife da Rakiya da wata ƙawarta a kogi, suna dawowa daga gonar shinkafa. Masunta suka ciro Rakiya, ƙawarta kuwa gawarta aka samu. Tun daga nan ta bar zuwa lakwal, wato makaranta, tana firgita cikin barci. "An ce mutanen ruwa ne suka taɓa ta. Rubutu da hayaƙi babu wanda ba mu yi ba."

Abin ya tsaya mini a rai. Washegari abokiyata ta tafi kasuwa, ni kuma na lallaɓa Yaya da Rakiya muka je gidan likita. Wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a ta saurare mu, ta ce wannan ciwon firgici ne, kuma ba Rakiya ce ta farko ba. Na dinga yi mata tambayoyi. Ta ce akwai yaran da hatsarin mota ya bar su haka, akwai waɗanda ambaliya ta rushe ɗaki a kansu, da waɗanda suka ga 'yan bindiga a ƙauyensu. Wasu ma ba a taɓa jikinsu ba, gani kawai suka yi. Mafi wuyar ganewa, in ji ta, su ne waɗanda ake duka ko ake lalata da su a cikin gida, don ba su da wanda za su faɗa wa.

Ta zauna da Rakiya su biyu, suka daɗe. Da suka fito, yarinyar ta kama mayafina ta ce, "Inna, ina riƙe da hannunta, ya kuɓuce mini." Yaya ta fashe da kuka, ba ta taɓa jin wannan ba. Ma'aikaciyar ta ce mata, "Kogi ya fi ƙarfin manyan maza, Rakiya. Ba laifinki ba ne." Ta ce a riƙa kawo ta, kuma a daina hana ta zancen.

Na dawo Dosso lafiya, amma ban iya kallon yaran unguwarmu kamar da ba. Na gane cewa yaro yana iya tsira da ransa, abin da ya gani ya ci gaba da binsa. Akwai ɗiyar maƙwabciyata da duk muke kira miskila. Jiya na kira ta, na ba ta tabarma, na tambaye ta yadda take barci.