Tumun Farko

Jiya da la'asar ƙanshin tumu ya shigo ta tagar ɗakin da muka fake a Gidan Rumji, sai kakata ta faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙanta.

Duk shekara idan gero ya nuna, ita ke karya zangarniyar farko a gonarmu ta bayan Cadakori. Ta gasa a wutar kara, ta murje da tafin hannunta mai kaushi, ta hure ƙaiƙayin. Ba wanda zai ɗanɗana a cikinmu sai ta miƙa wa wanda ya fara wucewa ta hanya. Godiyarta ga Allah ke nan.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniya ba ta wuce yatsa ba. Ina kallo ta juye wa wani makiyayi a hannu, raina ya ɓaci.

Na ce, "Kaka, godiyar me kuma bana?"

Ta dube ni tana kakkaɓe hannu. "Haba maigidana! Da ƙafarka ka zo gonar nan, da ƙafarka za ka koma gida. Ya yi maka kaɗan?"

Na zumɓura baki na yi gaba.

Bana an sha ruwa, amma ciyawa ce ta ci gonar. Masu bindiga sun tare hanya, mu kuma ga mu cunkushe a ɗaki guda, ba gaba ba baya, ina shaƙar tumun maƙwabta.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka. Ya mayar da ni gonar nan da ƙafata, ko da zangarniyar ba ta wuce yatsa ba. Wallahi zan tsaya bakin hanya in jira mai wucewa.