Zanen Surukata a Ranar Ƙauyawa

Shekarun baya, lokacin babbar 'yata tana ƙaramar sakandare, yayar mijina da ke zaune a birnin Kano ta tashi aurar da 'yarta. Mu kuwa muna nan ƙauyenmu a gefen Tofa, inda daga bayan ɗakinka sai gonar maƙwabci. Ta kira ni a waya ta ce cikin shagulgulan biki akwai wanda ake kira ranar ƙauyawa: kowa zai yi shigar mutanen ƙauye ta da, a ci dambu, a sha fura, a yi hotuna. "Ku zo gaba ɗayanku har yaran," in ji ta. "Kuma kowa da shigarsa, kada wanda ya zo min da leshi."

Da na faɗa wa maigidana, dariya ya yi har kunu ya ƙware shi. "To mu me za mu nema? Mu tafi a yadda muke mana, ai mu ne ƙauyawan."

Na taya shi dariya, amma 'yata ko murmushi ba ta yi ba. Washegari muna surfe ta tsayar da taɓarya ta ce, "Umma, ni ba za ni ba. Su in sun sa, an ce sun yi kwalliya. Mu in mun sa, cewa za a yi ko kaya ba mu canza ba."

Na san inda maganar ta samo asali. Hutun da ya wuce ta je gidan gwaggon tata, 'ya'yan gidan suka yi ta tsokanarta a kan kaushin ƙafarta da yadda take cin tuwo. Ta dawo ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta daina cewa a kai ta birni. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in jawo ta jikina in lallashe ta. Kakarta ce mai yin wannan, surukata, wadda ta yaye ta ta goya ta, ita kuma Allah Ya yi mata rasuwa. Don haka na ci gaba da surfena. Amma a raina na ƙudura cewa yarinyar nan sai ta shiga wurin bikin nan kanta a sama, ko da kuwa zan zaga ƙasar Tofa da ƙafa.

Na fara da tambayar masu ba da hayar irin kayan a birni. Da aka faɗa min kuɗin mutum biyar, na ga sai mun kai buhun gero kasuwa don kayan da za a sa wuni ɗaya. Na ce a'a, yara ba za su ci hoto da damina ba. Sai na nufi kasuwar Rimin Gado, inda wani mai yadi ya nuna min wani ƙyalle mai zanen saƙi, ya yi ta rantsuwa ba ya zuba. Na yanki kaɗan don gwaji. Ina tsoma shi a ruwa, ruwan ya koma shuni, ƙyallen ya koma kalar toka, hannuwana kuma suka yi kwanaki kamar na marini. Maigidana duk ya gan ni sai ya ce, "Sannu da aiki, sarkin karofi."

Ina zaune ina goge hannu da lemon tsami ne na tuna. Surukata tana da saƙi na gaske, saƙar hannu, wanda aka rina da baba, da gwado, da fatala. Bayan arba'in ɗinta, kamar yadda ake yi a wurinmu, an buɗe adakarta an rarraba suturarta ga dangi da ƙawaye, kowa ya riƙe abin tunawa ya riƙa yi mata addu'a. Kayan ba su ɓata ba, suna nan a ɗakunan tsofaffi. Aro kawai zan nema.

Ku da kuke ganin aro abu ne mai sauƙi, ba ku taɓa neman abu a wurin tsohuwa ba. Sai kin gaishe ta, kin gaida jikokinta da awakinta, kin ji labarin ciwon gwiwarta tun daga farkonsa, sannan ki kawo abin da ya kawo ki. A haka na samo gwado a gida ɗaya, fatala a wani, tsakiya da warwaro a wurin ƙanwar marigayiyar. Wani dattijo ya ba maigidana 'yar shara da malfa. Ƙananan yaran biyu, ɗaya na ba shi gwadon nan, ɗaya fatalar, ba tare da na sa almakashi ba, ninki kawai. Saura babban zanen saƙin, wanda surukata ke ɗaurawa ranar salla, shi kuma yana hannun aminiyarta a wani ƙauye bayan Rimin Gado.

Na hau ɗan acaɓa na je. Tsohuwar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato wasa za a je a yi da zanen aminiyata? A ɗaura shi ana ƙyaƙyata dariya? 'Yar nan, tashi ki tafi tun rana ba ta faɗi ba."

Na tashi na tafi, amma na dawo. Wannan karon na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa, na zauna na sa hannu har yatsuna suka yi ja. Da ta ga ba ni da niyyar tafiya ta ce, "Ke dai akwai naci. Wa zai ɗaura?" Na ce jikar marigayiyar ce, wadda ta goya. Na gaya mata abin da yarinyar ta ce min a bakin turmi. Sai ta ce, "Kawo min ita. Ni zan ɗaura mata da hannuna, don ku 'yan yanzu ɗaurin zane ma sai an koya muku."

Ranar da na kai ta, tsohuwar ta buɗe adaka, ƙamshin kanumfari ya cika ɗakin. 'Yata ta karɓi zanen ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ba ta sake cewa ba za ta ba.

Ranar bikin muka shiga mota tsaf da mu, sai sheƙin shuni muke. Ni har ina jin kaina. Muna isa ƙofar wurin taron na leƙa ciki. Ashe ni da su ba ƙauye ɗaya muke nufi ba. 'Yan mata sun ɗiɗɗige fuska da kwalli, sun lafta jan baki har haɓa, wasu sun baƙanta haƙori. Ɗankwali daban, riga daban, takalmi wari da wari. Suna tafiya suna gwame ƙafa, suna kwaikwayon maganar da ban taɓa jin wani ya yi ta a garinmu ba, jama'a na ta shewa. Ba da mugunta suke yi ba, wasa ne a wurinsu. Amma wallahi ya yi min ciwo.

'Yata ta ja ta tsaya. A hankali ta ce, "Umma, haka suke ganinmu?"

Maigidana ya matso ya ce ko mu koma mota. Na ce ba inda za mu. Na gyara mata bakin zanen a kafaɗa, abin da ban taɓa yi mata a gaban mutane ba, na ce, "Ban ɓare gyaɗar mutane don ki tsaya a ƙofa ba. Wuce gaba, ina bayanki."

Ta wuce. Ba mu yi nisa ba wata 'yar gwaggonta, cikin masu tsokanar nan, ta taho da gudu fuska duk ɗigo, ta kama gefen zanen tana murzawa. "Kai, naki ya fi na kowa kyau! A ina kuka yi haya?"

Na ga idon 'yata ya kawo ruwa. Amma ta ɗago kai ta dube ta ta ce, "Ba haya ba ne. Na kakarmu ne, ni da ke."

Yarinyar ta saki zanen. Uwar amarya, yayar mijina, tana kusa, ta ji. Ta zo ta tsugunna da gwalagwalanta, ta juya gefen zanen ta sami wani ɗan ɗinki da farin zare, ta ce ita ta ƙona wurin da fitila tana yarinya, Innarsu ta ɗinke. Ta kifa fuska a jikin zanen ta yi kuka har kwalliyarta ta lalace. Daga nan ta riƙe hannun 'yata ta kai ta kusa da amarya ta zaunar. Ni kuwa na sami kujera na ci dambu, wanda, gaskiya, namu ya fi shi.

Na mayar wa kowa kayansa da ɗan goro. Ba a daɗe ba tsohuwar nan ta rasu, ashe ta bar wasiyya a ba 'yata zanen.

Har yau in na ga hotunan ranar ƙauyawa a waya, raina yana ɗan sosuwa, ba zan ɓoye muku ba. Na fita neman kaya masu araha ne kawai, ban san abin da zan samo wa yarinyar ya wuce sutura ba. Yanzu tana karatu a birni. Da can in aka tambaye ta garinsu, "Kano" take cewa ta yi shiru. Ran nan ina kusa da ita wata ƙawarta ta yi mata wannan tambayar a waya, sai na ji ta faɗi sunan ƙauyenmu tiryan-tiryan, har da kwatancen inda ake sauka daga mota.