Dutsen da Yaya Ya Zaɓa

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ba su fara ba ni shawara ba, muna da wata 'yar ƙungiyar hawan keke a nan yankin Washington. Ƙungiya dai a baki, don mu huɗu ne. Akwai ni, mai gyaran rubutun gwamnati a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan na unguwar Southwest, inda mutum zai wuni yana cire waƙafi daga nan yana dasa shi can. Akwai abokina likita, Bakano kamar ni. Akwai abokinmu Badamagare mai sayar da motoci, wanda ya ɗauki tsokanar Kanawa a matsayin gadon da iyaye suka bar masa. Sai babbanmu, injiniya da ya tashi a Jos, ya girme mu nesa ba kusa ba, kowa Yaya yake ce masa. Shi ya koya mana hawan keken daji. Kafin na san shi, dutse a wurina shi ne Dala, wanda ake hawa da silifa a sauko kafin shayi ya huce.

Duk shekara, idan ganyen itatuwa ya fara ja, mukan ware Asabar guda mu yi nisa. Wurin zuwa a zama ake yanke shi, a wani gidan abinci na 'yan Afirka da ke Wheaton. Tsarin zaman irin na gida ne. Ƙarami ya fara magana, a bi girma, Yaya ya rufe, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Sai dai bai taɓa rushe abin da muka haɗu a kai ba. In ya ga baki ya zo ɗaya, sai ya ce to, Allah ya kai mu.

A shekarar da nake ba ku labari, Yaya ya kamu da ciwon nan na karkarwa da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa. Bai gaya mana ba. Mun dai ga hannunsa na dama ya tare a aljihu, ya daina shan shayi a gabanmu, tafiyarsa ta koma gajerun taku kamar mai gudun taka ƙaya. Ana gab da zaman sai matarsa ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Ƙanina, ka san halin yayanka. Dutse yake ta ambato. In ya faɗi a can ban san abin da zan ce wa yara ba. Ku hana shi. Amma don Allah kada ya gane kun sani."

Wato a hana mutum abu ba tare da an ce masa a'a ba, bisa dalilin da ba a yarda a ambata ba. Abokan aikina Turawa za su ce wannan ba ya yiwuwa. Mu kuwa da shi aka raine mu, kara muke ce masa.

Muka haɗa baki mu ukun. Akwai wani daji kusa da garin Clinton, ba nisa da gidan Yaya, hanyarsa shimfiɗe, tudun da ya fi tsayi a ciki bai kai jujin unguwarmu ba. Can za mu zaɓa. Kuma tun da ba a cewa babba ya gaza, sai kowannenmu ya ɗauki gazawar ya ɗora wa kansa.

Ranar zama Yaya ya ce ya ci abinci a gida, ya zauna yana kallonmu muna fama da shinkafa. Badamagare ne ƙarami, shi ya buɗe.

"To, Yaya, ni bana bayana ne. Tun da na ɗaga wata taya ban sake miƙewa daidai ba. Clinton nake gani."

Sai ni. Na yi jawabi mai gabatarwa da kammalawa a kan kaskar da ke dajin duwatsu da irin zazzaɓin da take sa wa mutum. Na karanta abin sosai, don ni ko ƙarya zan yi sai na yi mata bincike.

Likita ya dafa gwiwarsa ya kira sunan wata jijiya da Latinanci.

"Ka ji Bakano," in ji Badamagare, ya manta gefe ɗaya muke. "Ku dama in kun ga tudu sai kun tambaya ko akwai lifta."

"Kai dai ji da bayanka," in ji likita.

Yaya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, hannu na aljihu. Ya ce, "Ikon Allah. Makon jiya na bar ku samari. Allah ya ba ku lafiya."

Muka ce amin, ba kunya.

"To, ba a matsa wa mara lafiya. Ku je Clinton ku zagaya, akwai bencuna in kun gaji. Ni dutsen Massanutten za ni. Na san hanya."

Cokali ya tsaya a hannun kowa. Mun yi shiri a kan ya bi mu, ba wanda ya yi tunanin zai iya barin mu. In mun riƙe ƙaryarmu, zai hau dutse shi kaɗai. In mun sake ta, mun tona kanmu.

Likita ne ya fara. "Ai gwiwar, Yaya, in an ɗaure ta da kyau tana yi."

"Bayan ma da asuba ne yake matsa min," in ji Badamagare. "Da rana lafiya lau."

Ni kuma na tuna akwai maganin kaska na fesawa. Na sha karanta labaran warkewa masu ban mamaki, amma ban taɓa ganin an warkar da majinyata uku da jimla ɗaya ba sai ranar.

Da na kira matarsa na gaya mata, sai ta ce, "To kada ku bar shi shi kaɗai ko nan da can."

Ranar Asabar muka nufi yamma, muka shiga Virginia, gari ya ƙare, gonaki suka ƙare, duwatsu suka taso shuɗi-shuɗi a gabanmu. A gindin dutsen muka ajiye mota. Yaya ya fito, ya yi taku kaɗan, sai ƙafafunsa suka kafe kamar ƙasa ta riƙe masa takalma. Ya tsaya, jikinsa na son gaba, ƙafa ta ƙi. Da ƙyar ya isa wurin kekensa. Sai kuma igiyar hular kwano, yatsunsa na rawa, maɓallin ya ƙi shiga. Mu ukun muka duƙufa a kan tayoyinmu muna latsawa kamar yau muka fara ganin taya. Likita ya ce min ƙasa-ƙasa, "In wani abu ya same shi ni ne. Na san abin da na sani, na yi shiru."

Maɓallin ya shiga. Yaya ya karkato keken, ya ɗaga ƙafa da wahala ya haye, ya taka feda.

Abin da na gani daga nan, har yau in na ba da labarinsa sai na ji kamar ina ƙari, alhali ragewa nake yi. Mutumin da ya kasa taku daga mota zuwa keke ya tafi sumul. Karkarwar ta ɗauke. Bayansa ya miƙe, kafaɗunsa suka sauka, ya shiga 'yar siririyar hanyar nan mai saiwoyi da tsakuwa yana kauce wa duwatsu kamar ya san kowanne da suna. Ya sha kwanar farko ko birki bai taɓa ba. Ganye ja da rawaya na zubowa a kansa, ya ɓace a cikinsu.

Muka tsaya riƙe da kekuna. 

Likita ya ce, "Ana samun haka. Mai wannan ciwon ya kasa tafiya, ya hau keke ya tafi. Na karanta. Ban taɓa gani da idona ba."

Na ce, "Me ke kawo shi?"

Ya ce, "Sai ka tambayi wanda ya yi ƙwaƙwalwar. Hau mu bi shi."

Bin nasa ma aiki ne. Hawan ya yi tsawo, numfashina ya koma irin na tsohon injin markaɗe. Na sauka na tura, na hau, na sake sauka. Badamagare ya wuce ni yana cewa, "Malam, kaskar ce ta riƙe ka?" Na ci gaba da tura kekena. Can gaba muna hango rigar Yaya tana leƙowa tsakanin itatuwa tana ɓacewa.

A saman muka same shi, ya jingine keken yana zaune a kan wani falalen dutse. Ban san akwai wuri irin wannan kusa da ofishina haka ba. Kwari ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu har iyakar gani, kogi na lanƙwasa a cikinsa yana komowa kamar ya yi mantuwa, gonaki kamar an yanka su da reza, bayan su duwatsu jere bayan duwatsu har suka narke cikin sama. Dajin duk ya kama da launi, ja da ruwan goro da rawaya, kamar an yi ɓarin rini. Shaho na shawagi, amma ƙasa da mu, bayansa muke gani. Na yi shekaru ina karanta yadda marubuta ke siffanta irin wannan, ranar na gane duk haƙuri suke ba mu.

Muka yi alwala da ruwan gorunanmu, muka yi azahar a kan dutsen. Da muka sallame, karkarwar ta dawo wa Yaya, har ta fi ta safe. Wannan karon bai kai hannun aljihu ba. Ya ɗora shi a kan gwiwa, a fili, yana ta rawarsa.

Ya ce, "Ku dube shi. Ku daina kallon takalmanku."

Muka duba.

"Na san wadda ta kira ku, kuma ta yi daidai. Ku ma na gode. Amma ciwo ɗaya ya ishe mu a ƙungiyar nan, kada ku ƙara min da na ƙarya. Likita, gwiwarka ta hagu ka dafa a Wheaton, yau ta dama ka ɗaure."

Dariya ta ƙwace wa Badamagare har ya kwanta. Likita ya sunkuyar da kai yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa.

Yaya ya nuna siririyar hanyar da ke gangarawa ta ɗaya gefen, irin wadda a shekarun baya shi ke fara faɗa mata muna binsa da salati. Ya ce, "Hawa ƙafa yake so, ita kuma ba ta ci amanata ba tukuna. Gangara yatsu take so a kan birki. Su kam ban yarda da su ba. Ta hanyar motocin daji za mu sauka, a hankali. Ɗaya a damana, ɗaya a haguna. Kai malam ka biyo baya, dama can ne wurinka."

Haka muka sauko, a jere, ba mai gaggawa. Abin da muka yi kwanaki muna ƙulla yadda za mu hana shi, shi ya hana kansa, a lokacin da ya ga dama, da bakinsa.

Wannan ne hawansa na ƙarshe a babban dutse. Ya ƙara wasu shekaru yana zagaya shimfiɗaɗɗun hanyoyi, daga baya keken ma ya gagara. Ban daina ganin kyan kara ba, da ita muke rufa wa juna asiri a ƙasar da ba tamu ba. Amma na gane cewa a zaman nan na Wheaton mun yi shawara a kan mutum yana zaune, mun auna masa iyakarsa ba mu tambaye shi ba, kuma mun auna ta a inda ba nan take ba. Mun san abin da ciwon ya ɗauke masa. Abin da ya bar masa kuwa ba mu sani ba, likitan cikinmu ma bai sani ba. Da dabararmu ta ci, da mun wuni muna zagaya bencuna a Clinton, kowa na ɗingishin ƙarya, mu koma gida muna ganin mun kyauta.