Tsohuwa Mai Tara Irin Fure

A bakin hanyar Zango, Munzali mai kiwon zuma yana jiran mota, idonsa na kan wata tsohuwa da bai sani ba. Siririya ce, zanenta ya koɗe, tana durƙushe tana murza busassun furannin ɗaɗɗoya a tafin hannu. Ta hure ƙaiƙayin, ta ƙulle irin a bakin mayafi, inda wasu ke ƙulle goro.

"Iya, ciyawa kike tarawa?"

"Da damina nake watsawa a gefen gonaki," in ji ta. "Kowa ya fesa magani, ƙudan zuma kuma su ci me?"

Wataƙila a gidan masu zuma ta tashi. Munzali ya tuna amyoyinsa da suka cika da zuma bana, ya durƙusa yana taya ta murzawa. Mota ta zo ta wuce.